ƘWAYAR "SHA-KA-FASHE": ARAHA A KANTI, TSADA A ASIBITI

Daga cikin magungunan da suka fi araha a kasuwannin Idumota ta Legas da Onitsha akwai Dexamethasone da Prednisolone. Likitoci kan rubuta su domin cutar asma da kumburin gaɓoɓi da wasu cututtukan fata. A shekarar 2020 ma, binciken Jami'ar Oxford ta Ingila ya tabbatar da cewa Dexamethasone na rage mace-mace tsakanin masu korona da jikinsu ya tsananta.

Sai dai kuma da yawan masu saye ba domin jinya suke nemansu ba. 'Yan mata da samari kan sha su domin su yi ƙiba, har ana yi musu laƙabi da "sha-ka-fashe". Ƙibar kuwa ta yaudara ce, domin maganin ruwa da gishiri yake tarawa a jiki, ya cusa kitse a fuska da ciki, hannuwa da ƙafafu kuma suna ramewa.

Wanda ya daɗe yana sha na iya gamuwa da hawan jini, ciwon sukari, gyambon ciki, yanar ido da raunin ƙashi, garkuwar jikinsa kuma ta yi sanyi har tarin fuka ya samu kafa. Abin da ya fi haɗari shi ne dainawa farat ɗaya. Idan an wuce mako uku ana sha, jiki kan rage samar da nasa sinadarin da maganin ke kwaikwaya, don haka yankewa kwatsam na iya kai mutum ga suma ko rasa rai. Likita ne kaɗai zai tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali.

Ta fuskar tattalin arziki, kuɗin katin ƙwaya bai taka kara ya karya ba, amma jinyar sukari ko hawan jini ta tsawon rai ce, kuma jarin mai gida take ci. Su ma masu kemis suna cikin kasada, domin lasisinsu bai ba su damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba. A watan Fabrairu na 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onitsha da Aba na tsawon makonni, ciniki ya tsaya cak. Ɗan kasuwar da ya nemi takardar likita kafin ya miƙa ƙwayar ya tsare jarinsa da ran mai saye.