KOYON SANA'AR FIM TA HANYAR AIKIN GAYYA

Tun zamanin da motar majigi take zaga garuruwan Arewa da dare, mutanen ƙasar nan suka saba da kallon hoto mai motsi, amma kaɗan ne suka san wahalar da ke bayansa. A yau matashin da ya tashi a unguwar Hashimi, cikin garin Suleja, yana iya ɗaukar hoto da wayar da ke aljihunsa. Sai dai mallakar kayan aiki daban, gwaninta daban. Wannan bayani zai nuna yadda ɗalibi yake samun gwanintar, da dalilin da ya sa ba a samunta sai cikin ƙungiya.

INDA AKE KOYO

A shekarar 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take Jos. A ƙarƙashinta aka buɗe Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a 1995, ita ma a Jos. Akwai kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a garin. Ban da makaranta, da yawa sun koya a bakin aiki. Alal misali, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Ko a aji, ko a waje, hanyar ɗaya ce, watau mutane kaɗan su haɗu su yi ɗan gajeren fim.

RABON AIKI

A ɗauka ɗalibai biyar sun shirya yin fim na minti biyar a kan maginiyar tukwane, sana'ar da Suleja ta yi suna da ita tun lokacin da Ladi Kwali take aiki a cibiyar ginin tukwane ta garin, sa'ad da ake kiransa Abuja. Ɗaya zai rubuta labari ya ba da umarni, ɗaya ya riƙe kyamara, ɗaya ya ɗauki sauti, ɗaya ya kula da haske, na biyar kuwa ya riƙa rubuta kowace ɗauka da lambarta. A fim na gaba sai a yi musanyar matsayi. Hikimar musanyar ita ce, wanda ya taɓa shan wahalar ɗaukar sauti ba zai kafa kyamara kusa da injin niƙa ba ranar da ya zama mai ba da umarni.

RANAR ƊAUKA

Kafin a kunna kyamara, wajibi ne a nemi yardar maginiya da mutanen gidanta, a gaya musu inda za a nuna fim ɗin. Daga nan ɗalibi zai koyi ɗaukar aiki ɗaya ta fuska uku: daga nesa, don a ga tsakar gida, daga tsaka-tsaki, don a ga mace da tukunyarta, sa'an nan daga kusa ƙwarai, don a ga yatsu cikin yumɓu. Zai koyi kuma cewa idan mutum biyu suna zance, kyamara ba ta tsallaka layin da ke tsakaninsu, domin in ta tsallaka, mai kallo zai ga kamar gefe ɗaya suke kallo, ba juna suke fuskanta ba. A farkon kowace ɗauka ana buga wani allo mai marfi a gaban kyamara. Ƙarar bugun ita ce alamar da za a daidaita murya da motsin baki da ita daga baya.

TEBURIN HAƊA HOTO

A nan ne gaskiya take fitowa. A da, da hannu ake yanka zaren fim a liƙa, kowace daƙiƙa guda tana ɗauke da hotuna 24. Yanzu kwamfuta ce take yanka, amma tunanin bai sake ba. Ɗalibin da ya riƙe kyamara zai zauna ya tarar cewa a ɗauka ta uku tukunya ta kai wuya, a ta huɗu kuwa ba ta wuce ciki ba. In ba shi da hoton yatsu ko na fuskar maginiya da zai sa a tsakani, to, sai a koma Hashimi a sake, ga kuɗin mota, ga ɓata wa baiwar Allah yini guda. Kuskuren mutum ɗaya ya zama hasarar biyar. Darasin da aka biya da irin wannan tsada ba ya mantuwa.

Har ila yau, a wannan teburi ne ɗalibi yake gane cewa jerin hotuna shi ne yake ba da ma'ana. Lev Kuleshov, malami a makarantar fim ta Mosko wadda aka kafa a 1919, ya nuna cewa fuska guda tana bayyana yunwa ko baƙin ciki gwargwadon hoton da aka jera ta da shi. Saboda haka mai haɗa hoto yana riƙe da amana. Yana iya fito da maginiya cikin mutuncinta, yana kuma iya mai da ita abin dariya ba tare da ya ƙara kalma ɗaya ba.

KIRA GA IYAYE DA MATASA

Ya kamata iyaye su sani cewa yaron da ya bi wannan hanya yana koyon kiyaye lokaci, da tattalin kaya, da haƙuri da abokan aiki, ban da sana'ar da gidajen talabijin da ma'aikatun wayar da kan jama'a suke bukata. Matasa kuwa kada su jira babbar kyamara. Su nemi abokai huɗu, su rubuta shafi biyar, domin bisa al'ada shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo. Bikin finafinai da Hukumar Finafinai take shiryawa a Abuja sunan Dutsen Zuma ya ci, dutsen da ke maƙwabtaka da Suleja. Nisan ba shi da yawa ga wanda ya fara tafiya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.