Ko Kun Sani? Mutuwar Inji Ba Ta Kayar da Jirgin Sama

Kafin a ba ɗalibin tuƙin jirgin sama lasisi, sai malaminsa ya sha ɗauke masa ƙarfin inji suna can sama, da gangan, ba tare da gargaɗi ba. Malamin yakan miƙa hannu ya janye totur gaba ɗaya, ya ce inji ya mutu. Farfela na ci gaba da juyawa a hankali, amma ta daina jan jirgin. Nan take ɗalibin zai daidaita hancin jirgi a kan saurin da ya fi kai shi nesa. A ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172, wannan sauri kusan kilomita 120 ne a awa, kuma jirgin kan ci mita 9 gaba duk sa'ad da ya sauko mita 1. Wato daga tsayin mita 1,000 zai iya lulawa kimanin kilomita 9. Sai ɗalibin ya leƙa ƙasa ya zaɓi fili, ya duba hayaƙi ko ƙura don gane inda iska ke kaɗawa, ya nufi filin yana fuskantar iskar. Da malami ya ga za su kai, sai a mayar da wuta su sake hawa. Dalilin da ya sa jirgin ba ya faɗowa kuwa shi ne fikafikai ne ke ɗauke da jirgi muddin iska na ratsa su, aikin inji turawa ce kawai. Shi ya sa a 2009 Kyaftin Chesley Sullenberger ya iya sauke jirgin Airbus A320 a kan kogin Hudson na New York bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, mutum 155 da ke ciki suka tsira duka.