Kabarin baƙo kusa da Sakkwato: labarin mutanen Sikotlan

Jama'a, duk wanda ya taso daga Babankatami ya bi ta Madawa da Ƙonni ya shiga Sakkwato, to ya taka ƙasar da wani baƙo yake kwance cikinta tun shekara ta 1827. Sunansa Hugh Clapperton, amma Hausawa Abdullahi suka sani. Mutane na ce masa Bature ɗan Ingila, alhali shi mutumin Sikotlan ne, ƙasar da Faransawa ke ce ma Ekos. Mi ya fiddo shi daga gida har ya zo ya mutu nan?

Sikotlan tana arewa da Ingila, tsibiri ɗaya suke. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi da ruwan sama, faɗinta bai kai na jahar Tawa ba, mutanenta kuwa sun ɗara miliyan 5. Babban birninta Edimbara. Da can sarautarta daban take, kuma ta sha yaƙi da Ingila. Ga 1297 wani jarumi, William Wallace, ya kori rundunar Ingila, amma suka kama shi suka kashe ga 1305. Ga 1314 sarki Robert Bruce ya ci su da yaƙi a Bannokban, ƙasar ta tsaya da ƙafarta. Abin da takobi ya kasa, gado da shawara suka yi shi. Ga 1603 sarkin Sikotlan, James, ya gaji sarautar Ingila. Ga 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu, aka samu Birtaniya.

Abu biyu suka tura ƴaƴan ƙasar waje. Na farko karatu. Ga 1696 majalisarsu ta yi doka a buɗe lakkwal cikin kowace gunduma ta coci, har ɗan manomi ya iya kai ga karatun likita a Edimbara. Na biyu talauci. Daga wajen 1750 zuwa 1860 masu ƙasa suka riƙa korar ƙananan manoma daga kan tuddai don su zuba tumaki, saboda gashin tumaki ya fi kawo kuɗi. Ilimi ga shi, gona babu. Sai samari suka shiga jiragen ruwa da aikin soja da fatauci ƙarƙashin tutar Birtaniya.

Lokacin nan Turawa ba su san inda kogin Kwara ya nufa ba. Wani likita ɗan Sikotlan, Mungo Park, ya iso bakinsa a Segu ga 1796, ya ga ruwan gabas yake yi. Da ya komo karo na biyu, ya biyo kogin cikin kwalekwale, ya ratsa ƙasar da ta zama Nijar, ya hallaka a Busa wajen 1806.

Sai Clapperton. An haife shi a garin Annan ga 1788, ubansa likita ne, ya shiga aikin jirgin ruwa yana ɗan shekara 13. Ya taso daga Tarabulus ga 1822, ya keta hamada har Barno. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, shi ma ɗan Sikotlan, ya rasu kusa da Katagum ga watan Janairu 1824. Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato ga watan Maris. Waziri Giɗaɗo ya sauke shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi. Baƙon ya tarar da malami, ba sarki kawai ba. Bello ya yi masa tambayoyi kan ɗariƙun Kirista har shi da kansa ya rubuta cewa sun fi ƙarfinsa. Suka yi maganar ciniki da ta hana sayar da bayi ta teku, aka ba shi taswirar ƙasa, ya koma gida lafiya.

Zuwa na biyu bai yi kyau ba. Ya biyo ta Badagiri ƙarshen 1825, tare da yaronsa Richard Lander da wani tafinta Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke ce ma Pasko. Ga 1826 ya iske Bello yana yaƙi da Gobirawa, kuma tsakaninsa da Shehun Barno ta ɓaci. Clapperton na ɗauke da takarda da bindigogi zuwa Barno. Wane sarki zai bar makami ya wuce wurin abokin gabansa? Aka hana shi hanya. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827. Lander ya rufe shi a wani ƙauye kusa da birni, ya kai takardunsa Landan, aka buga su ga 1829.

Wasu suka biyo sawu. Ga 1854 likita William Baikie ya hau Binuwai da jirgi mai tururi, yana ba mutanensa kinin kullum, ko ɗaya bai mutu ba. Daga nan zazzaɓi ya daina tsare ƙofa. Baikie ya zauna Lakwaja, ya koyi Hausa, ya je Kano ga 1862. Ga 1885 wani ɗan Sikotlan, Joseph Thomson, ya zo Sakkwato da sunan kamfanin ciniki, ya koma da takarda wadda ya ce yarjejeniya ce. Da irin wannan takarda Ingila ta kafa hujja gaban Faransa.

Nan ne labarin ya shafi manomin Arewa. Ga 1898 ƙasashen biyu suka zana iyaka, suka ba Ingila duk abin da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, har da Ƙonni da Madawa. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, suka nemi gyara. Ga 1904 da 1906 aka janye iyakar kudu. Shi ya sa yau yaron Madawa ke koyon faransanci, ɗan'uwansa na Illela yana koyon ingilishi.

Su kuma ƴan Sikotlan ba su manta da asalinsu ba. Ga 1999 suka sake buɗe majalisarsu a Edimbara. Ga 2014 aka jefa ƙuri'a kan rabuwa da Birtaniya, kashi 55 cikin 100 suka ce a zauna tare.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Waɗannan baƙi sun wuce kamar raɓa, amma abin da suka rubuta bai bushe ba, har ya zama iyaka tsakanin ƴan uwa. Saboda haka jama'a, in baƙo ya zo a ba shi ruwa da wurin kwana, in ya fiddo takarda a karanta kafin a sa hannu.