'Yan Tawayen Zariya da Zanen Zamani

A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar da aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kukansu shi ne manhajar da aka ɗauko daga Ingila ba ta san da fasahar gida ba. Ba su ce a yar da dabarun Turai ba, cewa suka yi a gauraya su da gadon kakanni. Alal misali, Okeke ya koma ga uli, watau zanen jiki da na bango na matan Ibo.

An nuna ayyukan wasunsu a bikin samun mulkin kai a Legas a 1960, sannan a kulob ɗin Mbari na Ibadan a 1961, shekarar da ƙungiyar ta watse. Abin lura shi ne babu Bahaushe cikin jagororinta, alhali kuwa ga dagi da sauran adon magina a bangayen birnin Zariya, 'yar tafiya kaɗan daga Samaru.