Dainamo: Kalmar da Asarar Ƙarfin da ke Cikin Na'urar

Gabatarwa

Kalmar dainamo tana cikin kalmomin aro da suka shigo Hausa tare da keke da mota. Asalinta daga Girkanci ne, inda ta ke nufin ƙarfi, ta biyo ta Ingilishi. A wannan maƙala za a dubi aikin na'urar a motocin farko, da hanyoyin da ƙarfi ke zurarewa a cikinta.

Aikin Dainamo

A shekarar 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa in waya ta motsa a gaban maganaɗisu, wutar lantarki na gudana a cikinta. A kan wannan a ka gina dainamo. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai batir da dainamo, wadda ke tashi ba sai an murɗa ta da hannu ba.

Dainamo ba ya ƙirƙirar ƙarfi, juya shi ya ke yi daga motsi zuwa wuta. Duk wanda ya taɓa jingina dainamon keke a jikin taya ya san feda kan ƙara nauyi nan take. Sai dai abin da ya shiga ba shi ke fitowa duka ba. Misalinsa kamar manomin fadamar Argungu ne mai ɗebo ruwan Rima da jigo: kafin ruwan ya kai ga shuka, yashin hanya ya sha rabonsa.

Hanyoyin Asara

Ta farko ita ce zafin waya. Wayar jan ƙarfe da a ka naɗa a ciki tana turje wa wuta, turjiyar kuwa zafi ta ke zama. In wutar ta ninka biyu, zafin sai ya ninka huɗu. Bugu da ƙari, ƙarin zafi na digiri 10 kan ƙara turjiyar da kusan kashi 4 cikin 100. Ke nan dainamon tsohuwar Bedford da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi a bazara ya fi takwaransa na Ingila wahala.

Ta biyu tana cikin ƙarfen da ke juyawa. Maganaɗisu kan tayar da ƙananan wutace masu kewaya a jikinsa, su ɗumama shi a banza. Don haka a ke ƙera shi da siraran faifai da a ka shafa wa fenti, maimakon dunƙulallen ƙarfe.

Ta uku ita ce guga. Dukkan wutar dainamo ta burushin gawayi ta ke fita, su kuwa suna gugar jan ƙarfe mai juyawa, suna tartsatsi, suna cinyewa. Ƙurar hunturu kan daɗa saurin cinyewar.

Akwai kuma naƙasa ta daban: in inji yana tafiya a hankali, dainamo ba ya cajin batir. Shi ya sa jar fitila kan kama a gaban direba in mota ta tsaya.

Kammalawa

Waɗannan dalilai ne suka sa altaneta ya gaje shi, tun daga motar Valiant ta kamfanin Chrysler a 1960. Na'urar ta kau daga sababbin motoci, amma kalmar ta riga ta zauna a Hausa. Ya kamata manazarta su tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin makanikai tun suna raye.