Bindiga a ƙarƙashin riga: takardar Gana ba ta aiki a Lome

Ɗan kasuwar Zongo da ke yawo da kuɗi tsakanin Lome, Aflao da Cinkassé ya san fargabar hanya. Dillalan shanu da 'yan canji sun fi kowa saninta. Shi ya sa wani lokaci zance kan tashi a majalisa bayan sallar isha'i: ai mutum ya samu 'yar ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu, babbar riga ta rufe, wa zai gani?

Jandarma zai gani. Tun harin Kpékpakandi na watan Mayun 2022, wanda ya ci rayukan sojoji 8, da dokar ta-ɓaci da aka kafa a yankin Savanes a watan Yunin shekarar, bincike a hanyar arewa ya ƙaru.

A Togo riƙe bindiga ba haƙƙin kowa ba ne, izini ne da hukuma ke bayarwa. Ƙasar tana ƙarƙashin yarjejeniyar CEDEAO kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta fara aiki a 2009. Sharuɗɗanta a fili suke: mai nema ya kai shekarun da doka ta gindaya, ba shi da tarihin aikata laifi, a binciki halinsa, ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, ya nuna ya samu horo, kuma yana da amintaccen wurin ajiya, harsashi dabam, bindiga dabam.

Inda 'yan uwa ke faɗawa rami shi ne kan iyaka. Katin shaida na CEDEAO yana tsallakar da mutum, amma ba ya tsallakar da bindigarsa. Lasisin da aka samu a Accra ko Kano ba ya aiki a Lome. Baƙon da ke son shigowa da makami na ɗan lokaci sai ya nemi takardar izini ta musamman daga ƙasar da zai shiga, tun kafin ya iso.

Haka ma bindigar gado. Takardar mahaifi ba ta komawa kan ɗa don kawai an raba gado, kuma ƙirar maƙera ma bindiga ce a idon doka. Wanda ya tsinci irinta a kayan mamaci, ya sanar da 'yan sanda ko jandarma, kada ya tura ta ƙarƙashin gado.

Mai tsoron ɓarayi kuwa, tura kuɗi ta banki ko ta waya ya fi masa sauƙi. Ranar da aka kama shi da bindiga babu takarda, shi ne zai tsaya gaban alƙali, ba ɓarawon ba.