Keken lantarki a lokacin ɗari: me ke rage masa ƙarfi?

Keken lantarki keke ne mai inji wanda ba ya shan mai. Wuta yake sha daga batir. A ƙasar Sin akwai irinsa sama da miliyan 300, kuma ya yi yawa a ƙasashen Turai. Yanzu ya fara shigowa garuruwanmu: akwai mai ƙafa biyu, akwai mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Masu wannan keke suna da kuka guda idan ɗari ya shigo. Da asuba keke ba ya da ƙarfi. Ya kan kasa hawan tudu. Wani lokaci ya kan mutu a tsakiyar hanya, alhali an cika batir da dare. Ga shi kuwa lokacin ɗari shi ne lokacin aikin lambu. Mai tumatir ko salati ko kabeji yana son ya isa kasuwa da sassafe, tun kayansa ba su yi yaushi ba. In keke ya tsaya da shi, ranar ta lalace.

Wasu su kan yi gaggawar sayen sabon batir, su kashe kuɗi mai yawa a banza. Wasu su kan kai batir bakin wuta don ya ji ɗumi, su jawo wa gida gobara. Don haka ya kamata mu san abin da ke faruwa, mu kuma san yadda za mu binciki keke da kanmu.

Abin da sanyi ke yi wa batir

Batir iri biyu ake sa wa waɗannan kekuna. Na farko shi ne na darma, ɗan uwan batirin mota. Yana da nauyi, amma ya fi araha. Na biyu shi ne na litiyom, irin wanda ke cikin wayar salula. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da shi a shekarar 1991. Ba ya da nauyi, amma ya fi tsada.

Kowane batir yana da wani ruwa a cikinsa. Ta cikin ruwan nan ne ƙwayoyin wuta ke ratsawa daga wani ɓangare zuwa wani. Mun san yadda zuma take. Da zafi tana zuba da sauri, da sanyi kuwa sai ta yi kauri, ta riƙa saukowa a hankali. Zumar tana nan cikin kwalba, ba ta ragu ba, fitarta ce ta yi wuya. Haka batir yake. Idan ya yi sanyi, wutar tana ciki, amma ba ta fita da saurin da inji ke bukata.

Batir ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 20 da 25 na ma'aunin zafi. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, sanyin asuba a watannin Disamba da Janairu ya kan sauka zuwa digiri 12 ko 15. A arewa, wajen duwatsun Ayar da Bilma, akwai daren da ya kan kusa digiri 0. Sanyinmu bai kai na Turai ba. Sabon batir ba ya damuwa da shi sosai. Amma batirin da ya tsufa, ko wanda zafin bazara ya riga ya gajiyar, ɗan sanyin nan ya isa ya tona asirinsa.

Me ya sa keke ke mutuwa gaba ɗaya?

Ana auna ƙarfin turin wuta da abin da ake kira bolt. A jikin batir za mu ga an rubuta 36 ko 48, wani lokaci 60. Batirin litiyom mai lamba 36, in ya cika, ya kan nuna bolt 42. In ya sauka wajen 30 ko 31, keke ya kan yanke wuta da kansa. Akwai wata ƴar na'ura da ke gadin batir, don kada a tsotse shi har ya lalace.

Idan batir na da sanyi, muka murɗa hannu da ƙarfi ko muka fuskanci tudu da kaya, bolt ya kan faɗi nan take. Mai gadin nan sai ya ɗauka batir ya ƙare, ya yanke wuta. In mun tsaya kaɗan, bolt ya sake hawa, keke ya tashi. Wannan ba lalacewar inji ba ce.

Yadda za mu bincika

Mu bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya. Mu fara da wanda ba ya cin kuɗi.

1. Mu gwada safe da rana. Mu bi hanya guda da kaya iri guda, sau ɗaya da asuba, sau ɗaya da hantsi ko azahar. In keke ya yi rauni da asuba amma ya yi ƙarfi da rana, sanyi ne.

2. Mu kwanar da batir a ɗaki. In batirin mai cirewa ne, mu shigar da shi ɗaki da dare, mu mayar da shi lokacin tafiya. In ƙarfi ya dawo, mun gano matsalar.

3. Mu lura da alamar batir. In sandunan da ke nuna wuta sun faɗi a kan tudu, suka dawo da muka tsaya, batir ne ke kasa ba da wuta da sauri.

4. Mu duba iskar taya. Sanyi na rage ƙarfin iskar da ke cikin taya. Taya mai laushi tana sa inji wahala, musamman a cikin rairayi.

5. Mu ɗaga ƙafar keke mu juya ta da hannu. In tana tsayawa da wuri, birki na gogawa, ko ƙura ta haɗu da tsohon man shafawa ta daskare. A wanke, a sa sabon mai.

6. Mu duba hannun birki. A yawancin kekunan nan, in an matsa birki, inji ya kan tsaya da kansa. In ƙura ta hana hannun birki komawa wurinsa sosai, inji zai riƙa yankewa ko ya ƙi tashi.

7. Mu duba mahaɗar wayoyi. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Mu kashe keke, mu cire batir, mu goge bakin wayoyi da busasshen tsumma. In mun ga tsatsa, ko baƙi kamar na ƙuna, ko wayar da ta saki, sai a kai wa mai gyara. Kada mu taɓa bakin batir da wuƙa ko ƙusa ko wani ƙarfe.

In mun yi duk wannan ƙarfi bai dawo ba, ko da rana tsaka, sai mu je wurin mai gyara ya auna batir da na'urar awon wuta. Batirin litiyom mai lamba 48 ya kan nuna wajen bolt 54 in ya cika. In na darma ne, guda huɗu ake haɗawa, kowane mai bolt 12. A auna kowane shi kaɗai. Sau da yawa guda ɗaya ne ya mutu, yake jan sauran baya, kamar shanun noma da ɗaya ya rame. Amma in za a sauya, ya fi kyau a sauya su duka tare. Sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa.

Yadda za mu tuƙa da asuba

Mu tashi a hankali. Kada mu murɗa hannu har ƙarshe tun daga ƙofar gida. Batir ya kan ɗumama kansa in yana aiki, bayan ƴan mintoci ƙarfinsa zai ƙaru. In keke na da feda, mu taimaka masa da ƙafa wajen tashi da wajen hawan tudu. Mu rage kaya. Kai kaya sau biyu ya fi tsayawa a daji da kaya duka. Kuma mu lissafa cewa tafiyar da batir ke yi da ɗari ba za ta kai ta sauran lokaci ba.

Yadda za mu yi sharji

Batirin litiyom ana yi masa sharji ne tsakanin digiri 0 da 45. In an yi masa sharji yana da sanyin ƙanƙara, ya kan lalace daga ciki, kuma wannan lalacewa ba ta gyaruwa. Wanda ke arewa, ko ɗan uwanmu da ke aiki da keke a Turai, ya bar batir a ɗaki awa biyu ko uku kafin ya haɗa shi da wuta. In raɓa ta kwanta a kansa, a goge, a bari ya bushe.

Batirin darma kuwa ba ya son kwana babu wuta. A cika shi bayan kowace tafiya. Kuma kowane batir a yi masa sharji da na'urar da ta zo da shi, ko mai lamba daidai da tasa.

Hattara da wuta

Ga abin da ya fi muhimmanci. Abin da sanyinmu ya rage wa batir, ɗumi zai mayar. Abin da zafi ya ɓata ba ya dawowa. Saboda haka:

Kada mu ajiye batir kusa da murhu, ko kaskon gawayi, ko wutar da ake jin ɗumi.
Kada mu zuba masa ruwan zafi.
Kada mu lulluɓe shi da bargo yana sharji.
Kada mu yi sharji a kan katifa ko tabarma, ko kusa da zana, kara da rumbu. A ɗora shi a kan siminti ko ƙasa.
Kada mu yi sharji a bakin ƙofar ɗakin kwana, ko muna barci.

In batir ya kumbura, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya jurewa, ko yana wari, ko yana hayaƙi, mu cire shi daga wuta in babu haɗari, mu fitar da yara, mu yi nesa. Hayaƙinsa guba ne, wutarsa kuma tana da wuyar kashewa. A gari mu kira masu kashe gobara a lamba 18.

Tsohon batir ba abin wasa ba ne

Ruwan batirin darma yana ƙona fata da ido. In ya taɓa mutum, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Darmar kanta tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A wata unguwa kusa da Dakar, a ƙasar Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008, saboda ana fasa tsofaffin batira ana ciro darma a inda mutane ke zaune. Kada mu fasa batir a gida. Kada mu jefa shi a lambu, ko kusa da rijiya, ko cikin wutar shara. A mayar wa mai sayarwa ko mai gyara.

Ƴan uwa, waɗannan shawarwari suna da amfani ga batirin wayar salula da na fitila mai aiki da hasken rana, domin duk sanyi da zafi na taɓa su. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Kafin mu zargi inji ko mu buɗe aljihu, mu fara kwanar da batir a ɗaki, mu duba taya, birki da wayoyi. Allah ya sa albarka a lambunanmu, ya kai mu kasuwa lafiya.